AMSOSHIN WASIƘUN MANOMA: Wane Irin Famfon Feshi Za Ka Saya?

A wannan shafi muke buga amsoshin da aka bayar a gidan rediyo, domin wanda shirin ya wuce shi ya karanta, wanda kuma ya saurara ya samu abin ajiyewa. A wannan mako mun haɗa wasiƙu biyar wuri guda, saboda duk a kan abu ɗaya suke, wato famfon feshi. Sun fito ne daga Bakori, da Ɗanja, da Ƙafur, da Malumfashi, da kuma Funtuwa.

Kafin mu buɗe su, ga magana guda da za ka riƙe. Famfon feshi mudu ne. Shi ne yake auna yawan maganin da zai sauka a kan gonarka. In mudun ya yi ƙwauro, ciyawa da ƙwari ba za su mutu ba, kuɗinka ya tafi a banza. In ya zarce, ka ƙone shukarka da hannunka. Saboda haka ba kyan launi ko girman tanki ake dubawa ba. Abu uku ake dubawa: aikin da za ka sa shi, irin bakin da ke kansa, da kuma ko akwai kayan gyaransa a kasuwar da ke kusa da kai.

WASIƘA TA FARKO, DAGA BAKORI

Wani mai sauraronmu ya ce yana noma masara hekta biyu, da wake, da 'yar auduga. Kuɗin 'yan ƙwadago ya fi ƙarfinsa, yana so ya koma feshin maganin ciyawa, amma ya shiga kasuwa ya ga famfuna iri-iri har ya rasa na ɗauka.

To, Malam, famfunan da za ka gani iri biyar ne, kowanne da wurin da ya dace da shi.

Na ɗaya, ƙaramin famfon hannu, mai cin lita 1 ko 2, da yayansa mai lita 5 zuwa 10 da ake ratayawa a kafaɗa. Ana buga masa iska ne kafin a fara aiki, kuma yana feshi ƙarfinsa yana raguwa, sai an ajiye an sake bugawa. Wannan na ɗan lambu ne da wurin renon iri. Ba na hekta biyu ba ne.

Na biyu, famfon goyo mai hannu, wanda ake goyawa a baya, hannu ɗaya yana bugawa, ɗayan yana riƙe da sandar feshi. Yakan zo da lita 15, ko 16, ko 20. Shi ne jakin aikin manomi a wannan yanki namu. Cikin waɗanda suka daɗe da yin suna akwai CP15 da CP3 na kamfanin Cooper Pegler, da kuma Jacto na ƙasar Barazil. Ban da su akwai ire-ire masu yawa da ake shigo da su daga Sin, wasu masu kyau, wasu kuwa na damina ɗaya. Ta ciki kuma sun kasu biyu. Akwai mai fistin, wanda ke turo ruwa da ƙarfi sosai, amma yashi da garin magani suna saurin cinye robarsa. Akwai kuma mai tantanin roba da ke motsi kamar fatar ganga, shi ya fi jure maganin gari da ruwan da bai tace sosai ba, kuma ya fi sauƙin bugawa.

Na uku, famfon goyo mai batir. Ba ka bugawa, maɓalli kawai za ka danna. Za mu yi bayaninsa a wasiƙa ta biyu.

Na huɗu, mai inji, wanda ke shan fetur da aka gauraya da baƙin mai, yana hura magani kamar hazo. Wannan na bishiyoyi ne irin su mangwaro da gwaba, da manyan gonaki. Kada ka kuskura ka zuba masa maganin ciyawa, domin hazon nan ba ya sanin iyakar gona. Iska na iya kwasarsa ta kai kan waken maƙwabcinka, daga nan sai gaban mai unguwa.

Na biyar, mai faifai, wanda ke aiki da batirin tocila. Dattawan da suka ga zamanin Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da taimakon Bankin Duniya tare da na Gusau da na Gwambe, za su tuna da shi a gonakin auduga. Faifai ne ke juyawa da sauri yana watsa maganin ƙanana-ƙanana, iska kuma ta kwantar da shi a kan ganye. Amfaninsa shi ne ƙarancin ruwa: kimanin lita 10 sun isa hekta guda, inda famfon goyo zai sha wajen lita 200. Amma yana bukatar iska 'yar daidai, da sanin yadda ake tafiya a gicciye da ita, kuma wanda ake feshin ƙwari da shi daban yake da na ciyawa. In ba ka ga mai sayar da faifansa da irin maganinsa a kusa ba, bar shi.

A taƙaice, Malam, ga mai gona irin taka, famfon goyo mai hannu shi ne daidai. Sai dai ka yi tunani a kan girma. Ruwa lita 20 kilo 20 ne, ga nauyin famfon kansa wajen kilo 4 ko 5, ka ga ka goya kusan rabin buhun takin zamani ke nan. Kuma in bakin famfonka yana rufe faɗin mita ɗaya, kafin ka gama hekta guda ka yi tafiyar kilomita 10 a cikin kunya. Mutumin da ya gaji tafiyarsa takan canja, bugunsa ya canja, awon magani ya lalace. In kai dattijo ne, ko kuwa ba mai ƙarfin baya ba, ɗauki mai lita 15 ko 16. Ƙarin sawu biyu ko uku zuwa bakin ganga ya fi maka ciwon baya a tsakiyar damina.

WASIƘA TA BIYU, DAGA ƊANJA

Wata baiwar Allah ta ce tana da ɗan lambu a bayan gida, na alayyafo da yakuwa da tattasai, ɗanta kuma yana noman rani na tumatir a fadama. Tana tambaya ko famfo ɗaya zai ishe su, kuma ko mai batir ya fi.

Hajiya, Allah ya sa albarka a lambu. Ke dai ƙaramin nan mai lita 2, ko mai lita 5, ya ishe ki. Kada ki sayi babba, domin wanda ke da babban tanki yakan dama magani fiye da bukata, sauran kuma ya kwana a cikin gida inda yara da kaji suke. Ki dama iya na yau, ki ƙarar da shi yau. Kuma tunda ganyen miya ne, ki sa a karanta miki kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar, waɗanda za a jira bayan feshi kafin a tsinka. Ƙwarin da za ki iya tsincewa da hannu kuwa, ba sai an kai ga feshi ba.

Shi kuwa ɗanki, mai batir zai yi masa amfani, saboda tumatir na son feshi akai-akai, kuma dole maganin ya shiga har ƙarƙashin ganye. Masu noman tumatir a Katsina da Kano da Kaduna ba su manta da 2016 ba, lokacin da tsutsar nan da ake kira sharon ta cinye gonaki. Ita cikin naman ganye take shiga ta ɓuya, saboda haka feshin sama-sama ba ya yi mata komai. Famfo mai batir yana riƙe ƙarfinsa bai ɗaya, kuma hankalin mai feshi yana kan sanda kaɗai, ba ya rabuwa da bugu.

Amma ya yi wa kansa tambaya uku kafin ya biya kuɗi. A ina zai riƙa yin caji? In babu wutar lantarki, akwai faranti mai aiki da hasken rana ko shagon caji a kusa? Sa'an nan, in batirin ya mutu, ana samun irinsa a Ɗanja ko Funtuwa? Yawancinsu batir mai bolt 12 ne, kuma in aka bar shi wata da watanni babu caji, lalacewa yake yi, don haka ko ba a aiki da shi a riƙa ɗan caja shi lokaci-lokaci. Na uku, akwai maɓallin rage ƙarfi da ƙarawa? In babu, bai dace da maganin ciyawa ba. Wanda ya fi kwanciyar hankali shi ne mai hanya biyu, wato ga batir ga hannun bugawa, in caji ya ƙare a tsakiyar fadama sai a ci gaba da hannu.

WASIƘA TA UKU, DAGA ƘAFUR

Wannan mai sauraro ya ce ya bi abin da ake faɗa a gari, gwangwanin madara biyu a famfo ɗaya, amma ciyawa ta mutu a wani wuri, ta tsira a wani, kuma masarar ta yi ja a bakin kunya. Yana tambaya ko famfon ne ba shi da kyau.

Ɗan'uwa, mai yiwuwa famfonka lafiya lau yake. Mu fara duba bakinsa, wato ɗan abin nan da ke ƙarshen sanda, wanda masu kanti ke kira nozul. Shi ne mafi ƙanƙanta kuma mafi araha a jikin famfo, amma shi ke yanke hukunci.

Akwai baki mai shimfiɗa, wanda ruwa ke fita ya daki ɗan harshe ya bazu kamar mafici, da ɗigo manya-manya. Da shi, da ɗan'uwansa mai tsaga guda a tsakiya, su ne na maganin ciyawa. Manyan ɗigo suna sauka inda ka nufa, iska ba ta kwashe su.

Akwai kuma baki mai zagaye, wanda ke fitar da ruwa kamar mazurari, da ɗigo ƙanana. Wannan na maganin ƙwari ne da na cututtukan ganye, a wake da auduga da tumatir, domin ƙananan ɗigo ne ke ratsa ganye su lulluɓe fure da kwanso.

Na uku shi ne bakin tagulla da ake murɗawa, yanzu ya yi tsiri, an jima ya yi hazo. Yawancin famfuna masu araha da shi suke zuwa. Illarsa ita ce ba ka iya maido shi daidai inda ka bar shi jiya, ke nan mudunka kullum canjawa yake yi. Cire shi ka ajiye, ka sayi na ciyawa ɗaya, na ƙwari ɗaya. Za ka ga suna da launi-launi, ja da shuɗi da kore da rawaya. Launin yana nuna yawan ruwa ko faɗin feshi, amma ma'anarsa ba ɗaya ba ce a kowane kamfani, don haka gwaji ne zai faɗa maka gaskiya.

Ƙarfin iska ma da bambanci. Maganin ciyawa ƙarfi kaɗan yake so, na ƙwari kuwa mai yawa. A cikin tankin wasu famfuna irin su CP15 za ka ga ɗan abin murɗawa mai haruffa biyu: L na ƙarfi kaɗan ne, H na mai yawa. Ka saita shi tun kafin ka zuba magani.

Yanzu ga awo, wanda shi ne gundarin amsarka. Da ruwa zalla ake yinsa, babu magani.

Ka auna fili a cikin gonarka, mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, ka kafa tsinke a kowace kusurwa. Ka zuba ruwa lita 5 daidai a famfo. Ka feshe filin nan kamar yadda za ka yi ranar aiki, da irin tafiyarka, da irin bugunka, bakin sanda yana daidai tsayin gwiwa daga ƙasa ko daga kan ciyawa. In ka gama, ka juye sauran ruwan ka auna. Alal misali ka tarar saura lita 3, to ka kashe lita 2 ke nan. Irin wannan fili guda 100 ne ke yin hekta, saboda haka hektarka za ta sha lita 200, wato ganga guda, ko jarka takwas masu lita 25.

Daga nan lissafi ya yi sauƙi. In famfonka mai lita 20 ne, cikawa 10 ke nan a hekta. In takardar jikin kwalba ta ce lita 4 a hekta, sai ka raba lita 4 gida 10, kowane cikawa ya samu mililita 400. In kuwa mai lita 16 ne, cikawa 12 da rabi ke nan, kowanne mililita 320. Ka ga inda gwangwani biyu ke yaudarar mutane: wanda ya faɗa maka haka, wataƙila tankinsa ya fi naka girma, bakinsa daban, tafiyarsa daban, kuma gwangwanayen ma ba girmansu ɗaya ba. Sayi ɗan kofin awo mai layi-layi, ka keɓe shi don wannan aiki kaɗai. Masu lissafi da eka kuwa, su sani hekta guda ta kusa eka biyu da rabi.

Ka maimaita gwajin sau biyu ko uku ka ɗauki matsakaici, kuma duk ranar da ka canja baki, ko ka ba wani goyon, a sake aunawa. Ramin baki yana faɗaɗa da aiki, don haka ka sabunta shi kowace damina.

Saura abu biyu da ke sa maganin ciyawa ya ƙi ci. Na farko ruwan kududdufi. Sinadarin gilaifoset, wanda ke cikin Roundup da 'yan'uwansa da ake kashe tofa da kiri-kiri da su kafin shuka, yana manne wa laka. In ka dama shi da jan ruwa, ƙarfinsa zai ragu tun cikin tanki. Nemi ruwan rijiya ko na burtsatse, in babu ka bar ruwan ya kwanta ka tace da ƙyalle. Kuma yana son wasu sa'o'i babu ruwan sama, saboda haka in hadari ya haɗo, dakata. Na biyu, maganin da ake fesa wa ƙasa bayan shuka, don hana harƙiya da gyazama tsirowa, yana son ƙasa mai laima, kuma ba a taka wurin ko a kai masa fartanya bayan an fesa. Jan da ka gani a bakin kunya kuwa, sau da yawa wurin juyawa ne, inda mutum kan tsaya sanda tana ta zuba. In za ka juya, saki maƙunnin.

WASIƘA TA HUƊU, DAGA MALUMFASHI

Wani manomin auduga ya ce ya ari famfon maƙwabcinsa ya fesa maganin ƙwari. Bayan 'yan kwanaki sai ya ga sabon ganye yana fitowa siriri, a murɗe, kamar yatsun hannu. Yana zargin an sayar masa da jabun magani, yana so ya koma wurin mai kanti.

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amma kafin ka je ka yi rigima da mai kanti, je ka tambayi maƙwabcinka abin da ya fesa da famfon nan kafin ya ba ka. Alamar da ka faɗa ta yi kama ƙwarai da aikin maganin ciyawa da ake kira 2,4-D, wanda ake fesawa a shinkafa da masara don kashe ciyawa mai faɗin ganye. To auduga ma mai faɗin ganye ce, kuma tana cikin shukokin da suka fi kowa rashin jure wannan magani. Ɗan abin da ya saura a tiyo da roba, wanda ido ba ya gani, ya isa ya naƙasa ta. Haka wake, da tumatir, da kuɓewa, da waken suya. Wani lokaci ma ba famfo ba ne, iska ce ta ɗebo shi daga gonar da ke kusa.

Babu maganin da ke warware wannan. In abin bai yi yawa ba kuma audugar tana ƙarama, takan fitar da lafiyayyen ganye daga baya, sai dai ta makara, kuma awo ya ragu. Ka ci gaba da kula da ita, ka kuma kira malamin gona na hukumar KTARDA ya gani da idonsa.

Darasin da ke ciki na kowa ne. Duk wanda ke haɗa hatsi da auduga ko wake, kamar yadda akasarin manoman Funtuwa da Malumfashi ke yi, famfo biyu ya kamata ya mallaka. Ɗaya na ciyawa, ka shafa masa jan fenti a tanki da sanda. Ɗaya na ƙwari, kada maganin ciyawa ya taɓa shiga cikinsa. In kuɗinka bai kai ba, ku haɗa kai ku biyu ko uku, wannan ya sayi na ciyawa, wancan na ƙwari, kuna musaya. Kuɗin famfo na biyu bai kai asarar gonar auduga guda ba.

In ya zama dole ka yi aiki da guda ɗaya, to wanki sau uku. Ka zuba ruwa da garin sabulu, ka girgiza, ka buga ya fita ta sanda, ba ta murfi kaɗai ba. Ka cire baki da rariya ka wanke daban. Ka cika da ruwan sabulu ya kwana, da safe ka ɗauraye sau biyu. Duk da haka, in 2,4-D ne ya shiga, kada ka amince, gwada a kan 'yan tushe kaɗan ka jira kwanaki ka gani. Ruwan wankin kuma a zubar da shi nesa da rijiya da rafi da mashayar dabbobi.

Wannan magana ta shafi masu ɗaukar 'yan feshin haya. Ka tambayi yaron abin da ya fesa jiya, ka tsaya a wanke famfon a gabanka. Ka kuma lura da yadda kuka yi jinga: in kuɗin kowane tanki ne, zai so tankuna su yi yawa, in kuwa kuɗin gona ne, zai so ya yi sauri. Maganin duka biyun shi ne ka san adadin cikawar da gonarka ke ci, ka tsaya kana ƙirgawa.

WASIƘA TA BIYAR, DAGA FUNTUWA

Wani ɗan kasuwa mai shagon kayan noma ya ce masu saye suna dawo masa da famfo suna ƙorafin yoyo. Yana tambaya yadda zai gane na kirki kafin ya saro.

Alhaji, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ga abin da kai da mai saye za ku duba tare, kuma ka ajiye jarkar ruwa a shago don wannan.

Ku cika tanki da ruwa, ku rufe, ku karkata shi hagu da dama. In murfi yana zuba, to a gadon bayan manomi zai zuba. Ku buga iska ku bari ba tare da an danna maƙunni ba, ku duba mahaɗar tiyo da ƙarƙashin tanki. Ku danna ku saki, in baki ya ci gaba da ɗiga, maƙunnin ba shi da kyau. Robar tanki ta zama mai kauri wadda ba ta lotsawa da yatsa, domin rana tana busar da sirara ta tsage. Bakin tanki ya zama mai faɗi da rariya a ciki, layin awon lita kuma ya fito ɓaro-ɓaro. Igiyar goyo ta zama mai faɗi, wadda ba ta shan ruwa. Hannun bugawa ya zama ƙarfe mai ƙwari, in ana iya mayar da shi dama ko hagu ya fi. Ka kuma yi hattara da wanda aka manna wa sunan babban kamfani a takarda kawai, ka nemi takardar bayani da ledar kayan gyara a cikin kwali.

Babbar shawara ita ce kada ka saro famfon da ba ka saro kayan gyaransa ba: wasa-wasan roba, da robar fistin ko tantani, da tiyo, da maƙunni, da rariya, da baki iri biyun nan. Manomin da ya zo daga Ɗandume ko Faskari a watan Yuli, tsutsa tana cin masararsa, ba zai jira a aika Kano ko Zariya ba. Ka tuna tsutsar nan da ta bayyana a Nijeriya a 2016, wadda ke shiga zuciyar masara inda sabon ganye ke fitowa a naɗe, tun tana ƙarama ake cin ƙarfinta, kuma sai an saita bakin sanda cikin zuciyar kowane tushe. Jinkirin mako guda saboda 'yar roba asara ce babba. Mai shagon da ke da robar nan a ranar, shi ne zai riƙe wannan manomi shekara da shekaru. Araha dai ba ta ado.

GARGAƊI GA KOWA DA KOWA

Maganin da ke kashe ƙwaro yana iya kashe mutum, kuma yana shiga jiki ta fata, ba sai an sha ba. Lokacin da ya fi haɗari shi ne lokacin damawa, domin a nan ne maganin yake da cikakken ƙarfinsa. Sa safar hannu ta roba, da takalmin roba, da riga mai dogon hannu, da wando, ka rufe hanci da baki. Kada ka dama da hannu. In baki ya toshe, kada ka hura da bakinka, kada kuma ka soka allura ko waya, cire shi ka wanke da ruwa da tsohon buroshi. Yi feshi da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana ba, kuma iska ta riƙa kaɗa maganin nesa da kai. Ba cin goro, ba shan taba, ba cin abinci sai ka yi wanka da sabulu. Kayan feshi a wanke su daban da na iyali. Kada a goya wa yaro ƙarami famfo, haka mace mai ciki ko mai shayarwa.

Ka duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin kowace kwalba. Ka nisanci sinadarin farakwat, wanda aka sani da sunan Gramoxone. Kurɓi kaɗan yana kisa, ba shi da makari, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta sanar da sa shi cikin magungunan da za a daina aiki da su a ƙasar nan. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku a juye cikin tanki, a huda ta, kada ta zama ta man gyaɗa ko ta ruwan sha. In mutum ya fara jiri, ko amai, ko dalalar da miyau, ko ganinsa ya dushe bayan feshi, a cire masa kaya, a wanke shi, a garzaya asibiti tare da kwalbar maganin. Madara da manja ba makari ba ne, ɓata lokaci ne kawai.

In damina ta wuce, wanke famfo, bushe shi, rataye shi a inuwa inda ɓera da yara ba sa kaiwa. Tun watan Afrilu kuma ka sauko da shi ka gwada da ruwa, ka canja abin da ya mutu, ka yi awonka, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Da fatan masu tambaya sun gamsu. Wasiƙun da suka zo a kan ƙuduji da kuma adana wake a rumbu suna hannu, za mu amsa su a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da iyalanmu, amin.